Sauti na Takwas

A'a, dakata mini nan. Wa ya ce miki dole aka yi wa Malama Dilbar? Surukarki? Matar da ke hawa na tara, wadda ko gobara aka yi a ƙasa sai bayan kwana biyu take ji? Matsa ki zauna, tunda kin nace ba a yarda da auren nan ba.

Shekara talatin Malama Dilbar tana koyar da fiyano a hawa na uku, kuma duk unguwar nan ta Chilonzor an san tsarinta. Yaro zai zauna ta ɗora masa tsohon kwabo a bayan hannu, ta ce ya ɗaga yatsu sama ya buga. In kwabon ya faɗi, a koma farko. Ita kanta ba ta taɓa maɓalli. Fensir ne a hagunta, damanta kuwa kullum yana aljihun rigar sanyi, ko da rana tana fasa kai. In yaro ya hau sauti bakwai ya manta na takwas, sai ta ƙwanƙwasa masa fensir a ka ta ce, "Cika."

Mace ce mai zargi. Tana zargin mai burodi da rage ƙullu, tana zargin maƙwabta da satar mata ɗalibai. Mijinta Malam Sobir ma tana zarginsa, duk da ta kasa gano da me.

'Yarta ɗaya, Mohira, shekararta ashirin da biyu, jarabawar ƙarshe a babbar makarantar kiɗa tana jiranta a watan Yuni. Malamai cike da makarantar, amma in ta dawo gida sai uwar ta sake ɗora mata kwabo. Tun lokacin sanyi wuyan hannunta na dama yake mata zugi, har barci ba ya daɗi. Ba ta gaya wa kowa ba. Takan zuba gishiri a ruwan zafi ta tsoma hannun, in uwar ta leƙo madafa ta ce wanke-wanke take. In hannun nan ya ƙi, shekara goma sha shida na zama kan kujera sun tafi a banza. Matar da ke zargin duniya ba ta zargi kwano ɗaya da ake wankewa rabin awa ba.

A watan Maris tsohon da ke saita musu fiyano ya ce kunnensa ya gaji, ya turo wani yaronsa da ya gama koyo, Bahrom. Dogo ne, da jakar fata, da takalmin da ya cire tun ba a ce masa ba. Malama Dilbar ta dube shi sama da ƙasa, ta ga bai kai talatin ba kuma babu zobe, ta tura Mohira madafa ta ce ta kwaɓa ƙullu.

Ya buɗe cikin fiyanon ya yi ta ɗaure tsirkiya yana sassautawa kusan awa biyu. Da ya gama, uwar tana waya a ɗaki, sai ya gwada. Kin san yadda abin yake, sauti bakwai a jere kamar matakala, na takwas shi ne gida. Na bakwai ba ya iya tsayawa shi kaɗai, kullum a jingine yake yana neman na takwas. To Bahrom ya hau ɗaya, biyu, har bakwai, ya ɗauke hannu ya shiga tattara kayansa.

Mohira tana madafa, hannu cikin ƙullu, tana jira. Shiru. Ta ci gaba da kwaɓi, abin yana tsaye mata a maƙogwaro kamar atishawar da ta ƙi fita. Ba ta san lokacin da ta fito ba, ta ratsa falo ta danna na takwas da yatsa duk gari.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe akwai mutum a gidan."

"Haka aka koya maka, ka bar aiki rabi?"

"Haka aka koya mini in ina so in ga mai fiyano." Ya nuna mata cikin fiyanon, inda 'yan gudumomi masu kan ulu suke jere. Na ɓangaren dama duk sun lotse. Ya rage murya ya ce wani a gidan nan dakan fiyano yake, ba kiɗa ba, kuma in bai yi kuskure ba hannun mai dakan yana ciwo daga nan zuwa nan. Ya shafa nasa wuyan hannun, daidai wurin.

Halin uwarta ta gado ai, abin da ya fara zuwa mata shi ne Mama ce ta sa shi ya gwada ta. Ta ce lafiyarta ƙalau, ya ji da gudumominsa.

Uwar ta fito ta ga gari a kan maɓalli, ta ga 'yarta, ta ga saurayi. Ta kawo shayi ta cika masa finjali har baki. Ya gane, kowa a garin nan zai gane: cikakken finjali ma'anarsa sha ka tafi. Ya sha yana ƙona leɓe, ya bar katinsa a kan fiyano, wai ko murya za ta sake gocewa.

Kwana takwas katin yana cikin takalmin Mohira kafin ta rubuta.

"Wa ya gaya maka maganar hannuna? Faɗi gaskiya. In Mama ce, ka ce mata ban faɗa tarkon ba."

"Fiyanonku ne ya gaya mini, kuma bai yi rantsuwa zai rufa asiri ba. Ina ɗakin gyara na ƙasan makarantarku kullum daga azahar. Ƙofa a buɗe take, mai shara ma tana nan, ki zo da shaidu in kina so."

Ta je, da niyyar ta kama shi da ƙarya. Ya zaunar da ita gaban wani tsohon fiyano, ya rufe murfin, ya ce ta ɗaga hannu ta sake shi ya faɗi kan cinyarta kamar ba nata ba. Ta ɗaga, ta sauke shi a hankali. Ya ce wannan ajiyewa ce, shi faɗuwa ya ce. Sau ashirin tana yi kafin hannun ya yarda ya faɗi. Da ya faɗi, sai ta ji hawaye, ita ma ba ta san na mene ne ba.

Ya ce yatsa ba guduma ba ne, ƙafa ce. Nauyi daga kafaɗa yake zubowa, yatsu tafiya kawai suke da shi daga wannan maɓalli zuwa wancan. Wuyan hannu kuma dole ya yi numfashi a ƙarshen kowace jimla, kamar mai magana. Wai haka wani tsoho Malam Arkadi ya koya masa tun yana yaro, kafin ya gane shi kunne Allah ya ba shi, ba zuciyar tsayawa gaban jama'a ba. Ya ɗauki fensir ya canza mata lambobin yatsu a littafinta, duk inda hannu zai yi numfashi ya zana ɗan zobe.

"Me za a biya ka?" ta ce, tana kallonsa ta gefen ido.

"Ki daina dukan gudumomina."

Ta riƙa zuwa Talata da Alhamis. Kafin ta hau bas sai ta goge zobban tas, ta mayar da lambobin uwarta. Zugin ya fara sauka. Ta fara kiransa Yaya Bahrom, in tana jin tsokana ta ce Mai Guduma. Shi kuma ya sa mata Takwas.

"Takwas ɗina, yau na saita fiyano huɗu, duk na bar su a bakwai. Ba wanda ya fito. Garin nan babu kowa sai ke."

"Ƙarya kake, Mai Guduma. Gida nawa ka shiga yau, 'yan mata nawa suka kawo maka shayi?"

"Uku. Ɗaya shekararta tara, ɗaya saba'in, ɗaya kyanwa ce ta zubar."

"Kyanwar ce ban yarda da ita ba."

Kada ki tambayi yadda aka san saƙonnin nan. Duk benen ya haddace su, za ki ji dalili.

Littafi kam ana gogewa, amma sauti fa? Malama Dilbar tana yanka albasa wata safiya ta tsaya cak. Kiɗan da ke fitowa daga falo ya yi zurfi, ya yi laushi, ba irin na gidanta ba. Ta shigo ta ɗora kwabo. Jimla ɗaya, hannun ya yi numfashi, kwabo ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Wa ya taɓa miki hannu?"

Mohira ta ce babu kowa. Uwar ta ɗauki littafin ta kai taga, ta karkata shi ga haske. Fensir ya goge, amma sawun zobban yana nan a jikin takarda. Fuskarta ta canza irin canzawar da Mohira ba ta taɓa gani ba. Ta fizge wayar 'yar, ta fita kan matakala inda ta fi ganin rubutu, ta karanta saƙonnin da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, har da na kyanwa. Ƙofofi suka yi ta buɗewa a hankali.

Ta ce ta san zobban nan, ta san gidan da suka fito. Mutanen Arkadi ne suka turo mai gyara ya sace mata ɗaliba, ya bi ta hanyar so don ya fi sauƙi. Ta ce muddin tana numfashi, mai ɗaure tsirkiya ba zai shiga zuriyarta ba.

Bahrom bai ɓoye ba. Ya turo mahaifiyarsa da gwaggonsa neman aure, da burodi naɗe cikin farin ƙyalle, wanda ake gutsurawa in an amince. Aka cika musu finjali har baki, suka koma da burodinsu ba a gutsura ba. Bayan mako biyu suka dawo, aka sake cika musu. Malam Sobir ya buɗe baki zai yi magana, matar ta dube shi, ya sa alewa a ciki.

Duk wannan Mohira ta jure. Abin da ya karya ta a makaranta ya faru. Akwai Nigora, 'yar ajinsu, kyakkyawa ce kuma ta san da haka. Ta bar littafinta a buɗe, Mohira ta leƙa, sai ga zobba shafi bayan shafi, irin nata sak.

"Wa ya zana miki waɗannan?"

Nigora ta yi murmushi ta rufe littafin. Ta ce ai ba kowane abu ake faɗa ba. Ta ƙara da cewa Bahrom duk wata yana gidansu, mamanta ma har sambusa take ajiye masa.

Mohira ta ari wayar babanta.

"Ashe zobba a jaka kake yawo da su, kowane gida ka ajiye. Mama ta yi gaskiya. Kada ka sake turo kowa."

"Mohira tawa, fiyanonsu nake saitawa, ban taɓa riƙe littafinta ba. Zobban ba nawa ba ne, gado na ci. Ki ba ni minti biyar in nuna miki."

Ba ta ba shi ba. Ta koma ƙarƙashin kwabo da kanta, ta riƙa ɗaga yatsu tana duka awa shida a rana, kamar shi take duka. Cikin kwana tara wuyan hannun ya kumbura, ta koma saka riga mai dogon hannu a watan Mayu. Saura mako uku jarabawa, kofi ma da hagu take ɗauka. Uwar tana jin tsohon sautin gidanta ya dawo, hankalinta ya kwanta.

Ran nan uwar ta tafi kasuwa, Mohira ta buɗe akwatinta na ƙarfe tana neman bandeji. Can ƙasa, ƙarƙashin mayafan aure, ta ci karo da littafin kiɗa da ya yi ja don tsufa. Sunan uwarta na budurci a bango. Ta buɗe. Zobba, shafi bayan shafi, kowanne an soke shi da biro har takarda ta huje. A shafin farko an sa hannu, Arkadi, da shekarar da ko iyayen Bahrom ba su haɗu ba.

Ta zauna a ƙasa. Ashe duk wanda ya bi ta hannun tsohon yana da zobban nan, har da malamar Nigora ta yarinta, wadda ta zana mata nata. Ashe uwarta ma ɗalibarsa ce.

Ta tare babanta a baranda da littafin. Ya dubi ƙofa sau biyu kafin ya yi magana. Ya ce uwarta ta fi kowa a zamaninta. Gasa ta taso, tsohon ya ce ba ta nuna ba, ta jira shekara. Ta yi zargin wata yake so ya tura, ta bar shi, ta koma wurin wani malami mai ɗora kwabo don yatsu su yi sauri. Saurin ya zo. Ana saura kwana goma gasa yatsu biyu suka naɗe, ba su sake miƙewa ba. Har tsohon ya rasu ba ta je ba. Ya ce a ganinta da ta ƙara ƙoƙari da ba haka ba, shi ya sa take ƙara wa 'yarta.

Da la'asar ta rubuta.

"Yaya Bahrom, na ga inda ka ci gadon. Na zarge ka a banza. Hannuna ya kumbura, kuma ina jin kunya."

"Kunyar ta jira. Ki daina kiɗa yau, ki sa ƙanƙara, gobe mu je asibiti da babanki. Takwas ɗina, kwana tara ina rataye a bakwai."

Likita ya ce hutu kwana goma, in ba haka ba kada a zo masa da kuka. To wa zai gaya wa Malama Dilbar? In an faɗa da baki, za ta ce makirci ne, har likitan an saya. Mohira ta ce uwarta ba ta yarda da abin da aka gaya mata, sai abin da kunnenta ya kamo. Ta karɓi maƙullin ɗaure tsirkiya a wurin Bahrom ta ɓoye a jaka. Da uwar ta shiga wanka, ta buɗe fiyano ta sassauta tsirkiya ɗaya tal, kaɗan, yadda ya nuna mata.

Ɗalibin farko na safe yana taɓa wurin, Malama Dilbar ta runtse ido kamar an taka mata ƙafa. Ta zargi yaron, ta zargi damina, ta zargi maƙwabcin sama da ya buga ƙusa. Ta kira masu saita fiyano biyar. Lokacin jarabawa ne, kowa ya ce sai bayan wata. Ta daure kwana biyu. A na uku ta ce wa mijinta, ba tare da ta dube shi ba, ya kira wancan.

Wancan ya zo ranar Asabar da hantsi. Bayansa mahaifiyarsa da gwaggonsa, da farin ƙyalle, zuwa na uku. Malama Dilbar ta ce ita mai gyara ta kira. Gwaggon ta ce su rakiya suka yi, yaron ba ya son hawa bene shi kaɗai. Aka zauna. Aka cika finjali uku har suna zuba a faranti.

Minti biyar ya gyara tsirkiyar. Ya dubi Mohira, tana tsaye bakin madafa, hannun dama a bayanta. Ya hau ɗaya, biyu, uku, a hankali, har bakwai. Ya ɗauke hannu. Ya rufe jakarsa, ya zauna, ya ɗauki finjalinsa.

Mohira ba ta motsa ba.

Na bakwai ya tsaya a falon nan ya ƙi sauka. Gwaggon tana tauna zabibi. Malam Sobir yana kallon silin. Malama Dilbar ta dubi 'yarta.

"Cika."

"Ba zan iya ba, Mama."

"Me kika ce?"

"Hannun ba ya zuwa."

Uwar ta dube ta, ta dubi saurayin, ta dubi baƙin. Ta san shiri ne, mace irin wannan ba za ta kasa sani ba. Fensir yana hagunta, da shi ma za ta iya dannawa. Ta ajiye shi a kan tebur. Ta tashi ta je gaban fiyano, ta zaro damanta daga aljihu a gaban mutanen da ta kora sau biyu. Yatsu biyu na ƙarshe a naɗe cikin tafi kamar na tsuntsu. Ta ɗaga hannun, ta sake shi ya faɗi da nauyinsa a kan na takwas. Sautin da ya fito, benen nan bai taɓa jin irinsa ba, har ƙasa ya sauko.

Mohira ta zo ta naɗe hannun riga, ta ajiye nata kusa da na uwar. Kumburin ya yi sheƙi.

"Tun yaushe?"

"Tun sanyi."

"Wanke-wanken nan?"

"Shi ne."

Malama Dilbar ta daɗe tana kallon hannayen biyu. Sannan ta juya ga Bahrom ta tambaye shi, da muryar jarabawa, a ina yake sa mata zobe a shafi na huɗu. Ya faɗa. Ta ce kuskure ne, Arkadi bayan sauti na uku yake sawa, ashe ma rabin karatu ya yi. Ya ce to Malama ta gyara masa. Ta ce dama wa zai gyara.

Ta ɗauki kwabon daga kan fiyano ta jefa a aljihun da hannun ya fito. Ta kwashe finjalan nan ta juye su a buta, ta sake zubawa, ɗan kaɗan a gindin kowanne, irin na baƙon da ake so ya daɗe, ta miƙa wa mahaifiyar Bahrom da hannun dama. Malam Sobir bai jira a dube shi ba, ya warware farin ƙyalle ya gutsura burodi.

Kwana goma ba a taɓa fiyano a gidan ba. Sauran kwanakin uwar da saurayin suka zauna hagu da dama suna gardama a kan zobba, yarinya a tsakiya. Ta ci jarabawa. Nigora ce ta zo ta ɗaya, kada a yi ƙarya, Mohira ta uku. Amma ta fito da yatsunta goma, kowanne yana miƙewa.

Aka yi biki da kaka, lokacin kankana da inabi. Tukunyar shinkafa da karas da naman rago sai da maza huɗu suka ɗauke ta. Amarya ta fito ta yi gaisuwar rusunawa, tsofaffi suka ɗaga hannu: Allah ya sa su tsufa tare, ya ba su 'ya'ya masu kunne, ya raba su da zargi. Wurin na ƙarshen nan an ɗan dubi uwar amarya, ita kuma ta shafa ta ce amin tana kallon mai rabon nama.

Kin ce ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta yarda ba. Gaskiyarki, ba ta ce ba, har gobe ma ba za ta ce ba. Kin ce dabara aka yi mata da sauti, duk mai kunne dole ya tashi. To shekara talatin yara suna bar mata bakwai a rataye, safe da yamma, wani da mantuwa wani da iskanci. Sau nawa kika ji ta cika da hannunta? Hau ki danna mata bakwai ki tsaya, ga matakala nan. In ta tashi, ki dawo ki ce mini dole ce.